Jini a Kufan Lebda

Tun da yaƙi ya kori baƙi daga bakin teku, aikin Miftah ya koma zaman gindin itace. Kullum da safe sai ya sa farar rigarsa da baƙar falmaran, ya kafa hula, ya tako daga cikin garin Khums zuwa ƙofar kufan Lebda, tsohon birnin duwatsu na mutanen da, ya zauna kusa da Sasi mai shayi yana jiran mutanen da ba za su zo ba. A da motocin safa ne ke layi a wurin, Turawa na sauka da jajayen wuya, shi kuma yana gaba yana zuba musu Italiyanci kamar a bakinsa aka haife shi. Da aikin jagorar nan ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata, a cikinsa furfura ta cinye masa kai. Yanzu kuwa sai iska da awaki.

"Ranka ya daɗe, sarkin jagorori," in ji Sasi da hantsin wata Juma'a, yana ɗaga buta sama yana tsiyayo shayi don ya yi kumfa. "Yau baƙinka sun riga ka shiga. Na ga har da bunsuru a cikinsu, ina jin shi ne shugaban tawaga."

"Ko bunsurun ya fi ka son ilimi. Tun kana da haƙora kake bakin ƙofar nan, ba ka taɓa wuce gidan wanka ba."

"In ga me? Dutse a kan dutse. Mutane sun gina gari guda sun kasa yi masa rufi."

"Zuba min gyaɗa da yawa, ka yi min shiru."

Bai kai ga kurɓar shayin ba wata farar mota ta shigo filin da ciyawa ta cinye, ta tsaya. Mace ce ta fara fitowa, doguwa, da shuɗin ɗankwali, tana kallon saman ginshiƙan da suka leƙo ta bayan itatuwa, hannunta a ƙirji. Mijin ya daɗe a ciki kafin ya sauko. Ƙaƙƙarfa ne, da tabon ƙuna daga kunne zuwa wuya. Kafin ya rufe mota sai da ya dubi titi, gabas da yamma.

"Baba, sannu da hutawa," in ji matar. "An ce mana in mun zo mu nemi Miftah."

"Kin same shi, 'yata. Saura kaɗan ki tarar ya zama gunki shi ma."

Sunanta Galiya. Malamar makaranta ce a wani gari can cikin duwatsu, tarihi take koyarwa, kuma duk shekara sai ta zana wa yara ƙofar sarkin Lebda a allo alhali ba ta taɓa ganinta da idonta ba. Shekararsu guda da aure, tun daren farko take roƙon mijinta Ayyad ya kawo ta, yana ce mata hanya ba kyau.

"Sa'a ɗaya," in ji Ayyad, bai dubi Miftah ba. "Kafin a shiga masallaci mun bar garin nan."

"Sa'a ɗaya ko gaisawa da duwatsun ba mu gama ba."

"To a gaisa da sauri, Baba."

Da ya sunkuya zai ɗaure takalminsa, Miftah ya hango kan ƙaramar bindiga a ƙugunsa. A shekarun nan har mai sayar da tumatir da tasa yake fita.

Suna shiga, tsohuwar muryar Miftah ta dawo masa, wadda ya zaci ta mutu. Ya bi da su ta ƙarƙashin ƙofar sarki, Galiya ta dafa dutsen ta rufe ido. Ya nuna musu sawun ƙafafun keken doki a kan shimfiɗaɗɗun duwatsun titi. A gidan wanka ya zaunar da Ayyad a kan dogon bencin marmara mai ramuka a jere, ya sa matar ta ɗauke shi hoto, sannan ya gaya masa cewa shaddar manyan gari ce.

"A nan ake ƙulla ciniki, a nan ake neman aure. Kowa na kallon kowa, ba mai yi wa wani girman kai."

Ayyad ya miƙe zumbur yana karkaɗe wando, Galiya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Shi ma sai da dariyar ta kufce masa. Daga nan ya ɗan saki jiki. Ya karɓi jakarta ya rataya, ya riƙa kama mata hannu a inda dutse ya karye. Miftah ya ji yaron ya kwanta masa a rai.

Suna cikin babban dandalin, inda sassaƙaƙƙun kawunan wasu mata masu gashin macizai suke jere a jikin bango, Galiya na durƙushe tana leƙa idon ɗaya daga ciki, sai wayar Miftah ta yi ƙara. Sasi ne, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Miftah, ɗan ƙanwarka ne, Zarruk. A-kori-kura biyu, cike da yara da bindigogi. Sun farfashe gilasan motar baƙinka. Wai wani ya gane mutumin a gidan mai, ta tabon wuyansa. Wai shi ne na shingen nan, wanda ya..."

Aka ji wani ya daka tsawa. Aka ji ƙarar kofuna suna tarwatsewa. Sai muryar Zarruk, sarai: "Ta ina suka bi, tsoho?" Sasi ya ce bai sani ba, shi shayi yake sayarwa. Aka ji ƙarar murfin buta, sai ihun da Miftah bai taɓa zaton zai fito daga bakin Sasi ba. Wayar ta mutu.

Miftah ya tsaya da wayar a kunne. Ba ya bukatar a ƙarasa masa zancen shingen. Ƙanwarsa Mabruka 'ya'ya biyu Allah ya ba ta, Zarruk da Nuri. A tsakiyar yaƙi Nuri yana dawowa daga jami'a, wasu 'yan bindiga suka sauke shi daga mota a shingensu na bincike don kawai katin shaidarsa ya nuna ɗan Khums ne. Bayan mako guda aka tsinci gawarsa a bakin titi, a naɗe cikin bargo. Miftah ne ya yi masa wanka, don ba wanda ya iya. Yatsun yaron duk a karye suke, ba farce ko ɗaya, bayansa kuma kamar an gasa shi da waya. Bai taɓa gaya wa Mabruka abin da ya gani ba. Zarruk kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya gani, washegari ya rufe shagonsa na gyaran firji ya ɗauki bindiga.

Miftah ya juya ya dubi Ayyad. Shi ma shi yake kallo, hannunsa ya riga ya kai ƙugu.

"Ka taɓa tsaron shinge a hanyar Tarabulus?"

Ayyad ya kau da kai.

"Akwai wani yaro, siriri, mai tabarau. Nuri. Ɗan ƙanwata ne."

"Ban san sunayensu ba, Baba," in ji Ayyad. "Ba ma tambayar suna."

Galiya ta miƙe a hankali. "Su wa? Ayyad, sunayen su wa? Ba ce min ka yi direba ka yi musu ba?"

Daga can wajen ƙofar sarki aka saki harsasai sama, tattabaru suka tashi daga kan bango gaba ɗaya. Kira ɗaya Miftah zai ƙwala, "Zarruk, ga shi nan!" a gama. Bakinsa ma ya buɗe. Sai ya ji an riƙe gefen falmaransa. Galiya ce, ba mijinta ta kama ba, shi ta kama.

"Baba, me ke faruwa? Don Allah, Baba."

"Ka fitar da ita," in ji Ayyad. "Ni na san abin da ya kawo su."

"Rufe min baki. Ba don kai zan yi ba. Ku biyo ni, ku sunkuya."

Nufinsa ya bi da su ta titin ginshiƙai zuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda masunta ke ɗaure ƙananan kwale-kwale a bayan yashi. Suka fita ta wata ɓaraka a bango, suna tsallake karyayyun ginshiƙai da ƙaya. Gwiwoyin Miftah na ƙara, numfashinsa na fita da ƙyar. Sun yi rabin hanya sai ya hango ƙura ta gefen teku. Ɗaya daga cikin motocin ta zagayo ta bakin ruwa ta tare gaba. Zarruk ya san wurin. Tun yana ƙarami kawun nasa ke saɓa shi a kafaɗa yana yawo da shi a cikin kufan.

Wanda ke tsaye a bayan motar ya gan su. Harsasai suka zubo kamar ana watsa tsakuwa a kwano. Ginshiƙin da ke gefen Miftah ya fashe, ɓarɓashin marmara ya yanke masa kunci, jini ya gangaro masa cikin wuya. Ya ture Galiya ƙasa, suka ja ciki suka koma bayan bango.

"Baya," ya ce. "Zauren shari'a. Akwai matakala a cikin bango."

Suna shan kwanar da za ta kai su ƙofar zauren suka yi kiciɓis da wani saurayi, bindiga a rataye, yana waige-waige. Hadi ne, ɗan mai gidan burodin unguwarsu. Ya ga Miftah, fuskarsa ta saki, ya buɗe baki zai gaishe shi.

"Baba Mif..."

Ayyad ya harbe shi a maƙogwaro. Yaron ya dafe wuya da hannu biyu, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa, ya zauna daɓas a kan dutse yana kallon Miftah kamar mai tambayar laifin da ya yi. Ƙafafunsa suka yi ta shure-shure a cikin ƙura. Galiya ta toshe bakinta da ɗankwali.

Miftah bai san lokacin da ya shaƙe wuyan Ayyad ba. "La'ananne! Gaishe ni zai yi! Gaishe ni!" Ayyad ya fizge, ya hankaɗa shi jikin bango, ya ɗora masa bakin bindigar a goshi. Ƙarfen da zafi. Suka tsaya ido cikin ido. Sai Galiya ta ce, "Ayyad," a hankali, kamar mai kiran wanda ba ta sani ba. Ya sauke hannu.

Aka sake buɗe wuta daga bayansu. Ayyad ya yi ƙara ya durƙusa, harsashi ya shige masa cinya. Ya juya ya yi ta harbi ba saiti har bindigar ta ƙare, sannan ya ja ƙafa ya bi su cikin zauren yana barin jan layi a kan dutse.

Zauren dogo ne, bangayensa sun yi sama, ba rufi, rana ta cika shi fal. Miftah ya ja Galiya zuwa wata 'yar ƙofa a kusurwa, ya tura ta cikin duhun matakalar.

"Hau sama ki kwanta. Ko me kika ji, kada ki sauko. Kin ji ni, 'yata?"

Ta hau. Ya dawo ya tarar da Ayyad ya jingina da gindin wani ginshiƙi mai sassaƙen ganyen inabi, yana matse cinyar da hannu, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ɗago ya dubi Miftah.

"Ba ta san komai ba. Wallahi ba ta sani ba."

Miftah ya je ya tsaya a tsakiyar zauren, tsakanin mutumin da ƙofa, don bai san inda kuma zai tsaya ba.

Zarruk ne ya fara shigowa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, idanunsa jajur. Bayansa samari ne da bindigogi, sai wani ƙato mai suna Ramadan, yayan Hadi, rigarsa jiƙe da jinin ƙaninsa, yana huci kamar sa.

"Kawu, matsa."

"Zarruk, saurare ni."

"Na ce ka matsa. Kai ka wanke shi. Da hannunka ka wanke shi, ina tsaye. Yau kuma kai ne kake yawo da wannan kare kana nuna masa duwatsu?"

"Ban san shi ba ne sai yanzu. Ga shi nan, ba inda za shi, ƙafarsa ta karye. Ɗaure shi. A kira dattawa, a kai shi gaban alƙali, ya faɗi sauran da suka yi tare. Ni zan fara ba da shaida a kansa, na rantse da Allah."

"Alƙali!" Zarruk ya yi wata dariya mara daɗi. "Wane alƙali? Na dutse? Shekara nawa uwata tana jiran alƙali?"

"In ka kashe shi a nan, gobe danginsa za su zo. Jibi ku je. Uwarka kai kaɗai ka rage mata."

"Kada ka sake ambatar uwata."

"Ƙanwata ce kafin ta zama uwarka, mara kunya!"

Bai ga tahowar gindin bindigar ba. Ji kawai ya yi duniya ta tsage. Ya faɗi a kan gefensa, bakinsa cike da jini da gutsattsarin haƙora, muƙamuƙinsa ya goce gefe. Ya so ya yi magana, abin da ya fito gurnani ne. Daga nan ƙasa, kuncinsa a kan dutse mai zafi, ya ga duk abin da aka yi.

Suka ja Ayyad ta ƙafar da ta ji rauni zuwa tsakiyar fili. Suka rufe shi da duka, da takalmi da gindin bindiga, har ya daina kare kansa. Zarruk ya ce a dakata. Ya zagaya ya zaɓo wani guntun marmara mai cika hannu, ya sa aka take wuyan hannun Ayyad a kan matakala.

"Sunansa Nuri," ya ce. "Faɗi."

Ayyad ya tofar da jini. Dutsen ya sauka a kan ɗan yatsansa. Ihunsa ya bugi bango ya dawo.

"Faɗi."

"Nuri."

"Ban ji ba."

Dutsen ya sake sauka. Ya sake sauka. Zarruk yana yi yana kuka, majina da hawaye sun haɗe masa a gemu, yana gaya wa mutumin cewa ƙaninsa likitancin dabbobi yake karanta, ko kaza ba ya iya yankawa, tabaransa ma ba a dawo da shi ba. Wasu daga cikin samarin suka kau da kai. Ɗaya ya koma gefe ya yi amai. Da ya gama da hannun dama ya dubi na hagu, sai kuma ya jefar da dutsen kamar ya ƙone shi. Ya karɓi bindiga ya harbi Ayyad a ƙirji, ya ƙara, ya ƙara, har jikin ya daina motsi.

Nan ne Galiya ta fito. Ta sauko a guje, ba ɗankwali, tana wani irin kuka mara kalma, ta faɗa kan gawar ta rungume kan. Samarin suka ja da baya. Ramadan kaɗai ya matso. Ya damƙi gashinta ya fizge ta daga jikin mijin, ya ja ta a ƙasa, gwiwoyinta na gurzar dutse.

"Ashe da amarya aka zo yawon shan iska! To ni wa zai biya ni Hadi? Wa zai shiga ya gaya wa tsohona?" Ya ɗora mata bakin bindiga a bayan kunne. "Su ma su ji yadda ake ji."

"Ramadan, bar ta," in ji wani daga baya, amma ba da ƙarfi ba. Zarruk na tsaye yana kallon hannuwansa, kamar ba ya wurin.

Miftah bai san yadda ya tashi ba. Da rarrafe ya fara, sannan ya ga kansa a tsaye, jini na zuba daga haɓarsa zuwa farar rigar. Ya kai hannun hagu ya kama bakin bindigar, ya rufe shi da tafinsa, ya murɗe shi daga kan matar. Ya so ya ce, a hannuna ta shigo, a hannuna za ta fita. Muƙamuƙin ya ƙi. Sai ya tsaya kawai yana kallon Ramadan, yana girgiza kai.

"Saki, tsoho! Wallahi zan harba!"

Bai saki ba. Bindigar ta tashi. Harsashin ya fasa tafin ya fita ta baya, ya tafi da yatsu biyu. Miftah ya faɗi a kan Galiya, ya rufe ta da jikinsa.

Ƙarar ce ta farkar da Zarruk. Ya yi tsalle ya make Ramadan da kafaɗa, suka zube tare, ya fizge bindigar ya yi jifa da ita. "Kawuna ne! Kawuna ka harba, ɗan iska!" Suka yi ta kokawa a cikin jini da ƙura har sauran suka raba su. Ramadan ya zauna ya haɗa kai da gwiwa ya fashe da kuka yana kiran sunan ƙaninsa.

Zarruk ya zo ya durƙusa kusa da Miftah, ya miƙa hannu zai taɓa shi. Miftah ya kau da fuska. Zarruk ya daɗe a durƙushe. Daga cikin gari aka fara kiran sallar Juma'a. Ya miƙe ya ce wa yaransa su ɗauko Hadi, suka fita. Jim kaɗan aka ji tashin motoci.

Galiya ce ta yage gefen rigarta ta ɗaure masa hannun, ta ɗaure tamau, da haƙori ta ja ƙullin. Ba ta kuka yanzu. Da ta gama sai ta koma ta zauna kusa da mijinta, ta gyara masa ƙafafu, ta rufe masa ido, ta ɗauki hannun da aka farfasa ta sa a cinyarta tana kore ƙudaje.

Haka Sasi ya same su. Ya shigo yana tura baron da yake ɗebo ruwa da shi, da hannu ɗaya, ɗayan a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, fatar ta saluɓe har gwiwar hannu, inda suka sheƙa masa tafasasshen ruwan buta. Ya ɓata hanya sau da yawa kafin ya gano zauren, sawun jini ya biyo. Ya dubi Miftah, ya dubi gawar, ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ajiye baron.

Su ukun suka ɗora Ayyad a ciki. Tsofaffi biyu, kowanne da hannu ɗaya, kowa ya kama mariƙi guda, matar na gefe tana tallafe kan don kada ya bugi ƙarfe. Ƙafar baron na faɗawa tsakanin duwatsun titi, sai sun tsaya sun cicciɓa. Har suka kai ƙofa ba su haɗu da kowa ba, gari duk yana masallaci.

A asibiti aka ɗaure wa Miftah muƙamuƙi da waya, aka ɗinke abin da ya rage na hannun. Gawar aka sa ta a ɗakin sanyi. Galiya ba ta da inda za ta, sai matar Miftah, Fajriya, ta zo ta tafi da ita gida. Fajriya ta yi goyon Nuri yana jariri, kuma ta ji ko matar wa ce wannan. Ta haɗa mata ruwan wanka, ta ba ta rigarta, ta ajiye mata abinci, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin ta kwana a nan, amma ko kalma ɗaya ba ta ce mata ba. Da safe yayyen Galiya suka zo da mota suka ɗauke ta da gawar. Babban cikinsu ya tambayi sunan wanda ya yi harbin. Galiya ta ce ba ta ji sunan kowa ba.

Amma suna ba ya ɓuya a ƙasar nan. Kafin mako ya zagayo aka ƙone shagon Zarruk, aka harbi ƙofar gidansu. Shi kuwa ya riga ya tsallaka iyaka, wasu suka ce Tunis, wasu suka ce ya hau kwale-kwalen masu ƙetare teku. Mai gidan burodi ya daina amsa sallamar Miftah. A masallaci wasu suka riƙa matsawa idan ya shigo sahu, wasu kuma suka riƙa zuwa a ɓoye suna sumbatar kansa.

Yana kwance a tsakar gida wata la'asar, Fajriya na ba shi romo ta tsinken roba, sai Mabruka ta yi sallama. Tun ranar ba ta zo ba. Ta tsufa a 'yan kwanakin nan, mayafinta kamar an rataya a ƙusa. Fajriya ta tashi ta ba su wuri.

Mabruka ta zauna a ƙasa, nesa da shi kaɗan. Ta daɗe tana kallon hannun da ke naɗe.

"Yaya, an ce kana wurin daga farko har ƙarshe."

Ya gyaɗa kai.

"Mutumin ya sha wuya kafin ya mutu?"

Ya gyaɗa kai.

"Kamar yadda Nuri ya sha?"

Miftah ya rufe ido. Ya girgiza kai.

A duk shekarun nan ba ta taɓa tambayarsa abin da ya gani a jikin yaron ba, yau ta samu amsarta. Ya jira ta tsine masa, ko ta tashi ta fita. Sai ya ji tana cewa, da wata ƙaramar murya:

"Na zaci in aka kashe shi zan iya barci. Na dafa abinci ranar, Yaya, na raba wa maƙwabta. Yanzu ga gida ba kowa. Ko waya Zarruk bai yi min ba."

Ta ja jiki ta matso, ta ɗauki kofin romon da Fajriya ta bari, ta taɓa ta ji ya huce. Ta gyara tsinken ta kai masa baki.

"Sha," ta ce. "Ɗaga kanka kaɗan, zai zube maka."